Daga Yanke Dayod Zuwa Sauya Manhaja: Tarihin Rediyon Sikana da Masu Buɗe Cikinsa

Ranar 21 ga Disamba 1996, wasu ma'aurata a jihar Fulorida ta Amurka, John Martin da matarsa Alice, suna cikin mota za su sayayyar Kirsimeti, sai ɗan rediyon da ke tare da su ya tsinto wata hira. Duk mai bin siyasar ƙasar ya san muryoyin. Newt Gingrich ne, Kakakin Majalisar Wakilai, da manyan 'yan jam'iyyarsa ta Republican, suna shawarar yadda za su tunkari hukuncin kwamitin ladabtarwa da ke bincikensa. Ɗaya daga cikinsu, John Boehner, ya shiga taron ne ta wayar salula daga cikin motarsa a wannan yankin, kuma siginar wayarsa ce rediyon ya kama.

Ma'auratan suka naɗi hirar a kaset, suka miƙa wa Jim McDermott, ɗan jam'iyyar Democrat da ke cikin kwamitin. A watan Janairu 1997 jaridar New York Times ta buga abin da aka faɗa. An ci kowannensu tarar dala 500. Shi kuwa McDermott, shari'ar da Boehner ya shigar a kansa ta ci shekara goma, ta ƙare da umarnin ya biya sama da dala miliyan 1.

Irin wannan rediyo sikana ake kiran sa. A ranar da ya kama muryar Kakakin Majalisa, shekara goma ke nan da doka ta haramta sauraron wayar salula, kuma fiye da shekara biyu da aka hana ƙera ko shigo da sikanar da za ta iya yin haka. Duk da haka hirar ta fita. Tarihin masu buɗe cikin sikana, daga zamanin almakashi da dalma zuwa zamanin sauya manhaja, yana koyar da darasi guda: duk kullen da aka saka a kunnen mai sauraro, mai kunnen yakan gano yadda zai cire shi. Sirri bai samu ba sai da masu magana suka kulle bakinsu da kansu, kuma wannan ma yana da nasa farashin.

Rediyon da ke lalube

Rediyon gida yana tsayawa a tasha ɗaya har sai an murɗa shi. Sikana tana bin jerin mitoci da sauri, ɗaya bayan ɗaya, in ta ji magana ta tsaya, in maganar ta ƙare ta wuce gaba. An yi ta ne domin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da matuƙan jiragen sama ba sa magana a jere kamar gidan rediyo. Daƙiƙa biyar ne, sai shiru na minti goma. Mai son ya ji su duka dole ya samu na'urar da za ta yi masa gadin mitoci da yawa a lokaci guda.

Sauraron 'yan sanda ya girmi sikana. Tun a 1938 mai ɗaukar hoto Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, ya samu izinin ajiye rediyon 'yan sandan New York a motarsa, yakan kuma riga jami'ai isa wurin da aka yi kisa. Dokar sadarwa ta Amurka ta 1934 ba ta hana kowa sauraron abin da ke yawo a iska ba. Abin da ta hana shi ne yaɗa saƙon wani ko cin riba da shi.

A 1968 kamfanin Electra da ke jihar Indiyana ya fitar da sikanar Bearcat. Sikanonin farko kiristal suke amfani da shi, wani ɗan dutse da aka yanka domin ya yi rawa a mita guda tak. Kowace tasha da nata kiristal, sai an saya an soka a cikin akwatin. Wanda ya sauya gari sai ya sake sayen wasu. A tsakiyar shekarun 1970 aka samu sikanar da ke haɗa mitar da kanta, daga baya aka ƙara mata madannan lamba, mutum ya buga mitar da yake so da yatsa. Tun daga nan abin da rediyon ke iya ji ya koma hannun wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da umarnin da aka rubuta mata. Wannan umarni shi ne manhajar ciki, wadda Turawa ke kira famwaya. Duk wanda ya taɓa kai waya kasuwar Farm Centre a Kano aka ce masa sai an yi mata filashin, wannan manhajar ce ake sake zuba mata.

Dayod guda ɗaya

A watan Oktoba 1983 aka fara kasuwancin wayar salula a birnin Shikago, da tsarin da ake kira AMPS. Muryar mai kira tana tafiya tsirara, da irin siginar FM da gidajen rediyo ke amfani da ita, ba a lulluɓe ta da komai ba. Mitocin da aka ware mata daga baya suka tsaya a megahaz 824 zuwa 849, da kuma 869 zuwa 894. Galibin wannan zango tsohon filin tashoshin talabijin ne na lamba 70 zuwa 83, don haka har tsohuwar talabijin mai murɗi takan iya tsinto hirar mutane.

Kamfanonin waya suna da hanya biyu. Ko su kashe kuɗi su lulluɓe muryar, ko su nemi doka ta hana sauraro. Suka zaɓi ta biyu, domin ta fi araha. A watan Oktoba 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar kare sirrin sadarwar lantarki, wadda ta mayar da sauraron wayar salula da gangan laifi. Masu sayar da sikana, musamman shagunan RadioShack, suka fara toshe wannan zango da kansu tun kafin a tilasta musu.

Yadda suka toshe shi ne ya haifar da sana'ar gyara. Kamfanin GRE na Japan, wanda ke ƙera wa RadioShack yawancin sikanoninta, ba ya rubuta manhaja dabam ga kowace ƙasa. Manhaja ɗaya ce, an ƙona ta a cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, ba ta goguwa. A gefen ƙwaƙwalwar sai a jera wasu 'yan ƙananan dayod a kan fanel. Idan aka kunna rediyon, abu na farko da ƙwaƙwalwar ke yi shi ne ta duba wane dayod ke nan, wane ne babu, ta haka take gane ko a Amurka take ko a Turai ko a Ostireliya, sai ta buɗe zangunan da suka dace ta rufe sauran. Ke nan ikon jin wayar salula yana nan cikin akwatin, dayod ɗaya ne kawai ke gadin ƙofarsa.

Ba a daɗe ba aka gano shi. Sikanar tebur PRO-2004 da ta biyo bayanta PRO-2006, da ta hannu PRO-43, duk sun yi suna saboda cire dayod ɗaya yana mayar musu da zangon da aka rufe. Ta hannu ta kamfanin Uniden, BC200XLT, ita ma ɗan gyara kaɗan take buƙata. Mujallun masu sha'awar rediyo suka riƙa buga zanen wurin da za a yanke. A 1990 wani masanin lantarki, Bill Cheek, ya fitar da littafi sukutum a kan gyaran sikana, wanda ya ƙunshi ƙara yawan tashoshi da saurin lalube da buɗe zanguna. Mafi yawan masu wannan aiki ba hirar mutane ce ta dame su ba. Abin da ke cin su shi ne sun biya kuɗin rediyo cikakke, an ba su wanda aka ɗaure wa ƙafa ɗaya. Amma masu kunnen gulma ma suna ciki, kuma ɓarnarsu ta gaske ce. A watan Agusta 1992 jaridar The Sun ta Birtaniya ta buga wata hirar waya ta Gimbiya Diana, wadda wani tsohon manajan banki mai sikana ya ce shi ya naɗa.

Doka ta shiga cikin akwati

A watan Oktoba 1992 Majalisar Amurka ta zartar da wata doka da asalinta a kan layukan waya masu cajin kuɗi da yawa ne, amma aka cusa sashe guda a kan sikana. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta aiwatar da shi: daga 26 ga Afrilu 1994 ba a ƙera ko shigo da sikanar da ke kama zangon wayar salula, ko wadda za a iya gyarawa cikin sauƙi ta kama shi. Kamfanoni suka daina dogara da dayod, suka cire mitocin daga cikin manhajar kanta. Almakashi ya daina aiki, kuma tsofaffin samfuran da ake iya gyarawa suka ƙara tsada a kasuwar kayan hannu.

Sai dai akwai wata kafa da ilimin lantarki ya bari. Yawancin sikanoni masu araha suna sauko da siginar da suka kama zuwa wata mita ta tsakiya, kusan megahaz 10.7 ko 10.8, kafin su mayar da ita murya. Wannan dabara tana da wani aibi: sigina mai ƙarfi takan bayyana a wuri na biyu, kamar inuwa, nesa da gurbinta na gaskiya da ninki biyu na mitar tsakiyar, wato megahaz 21.4 ko 21.6. Mai sikanar da aka toshe yana iya zuwa mitar da ba a haramta ba ya ji inuwar wadda aka haramta, ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba.

Bayan abin kunyar Gingrich, 'yan majalisa suka matsa, sai FCC ta ƙara tsaurara ƙa'ida a 1999. Ta ce dole sikana ta danne wannan inuwa da aƙalla desibel 38, dole a ƙera ta yadda hannu ba zai kai ga sassan da ke zaɓen mita ba, ko kuma duk yunƙurin taɓa su ya lalata rediyon. Wasu kamfanoni suka riƙa zuba baƙin ƙaro mai tauri a kan wannan sashe na fanel. Na'urar da ba ta aika komai, sauraro kawai take yi, an tsara ta da gangan domin ta mutu idan mai ita ya buɗe ta.

Abin da ya kawo ƙarshen sauraron wayar salula ya zo ta wata hanya dabam. Kamfanonin waya suka koma tsarin dijital irin su GSM da CDMA, waɗanda sikana ba ta jin komai a cikinsu sai ƙara. Ranar 18 ga Fabrairu 2008 aka ɗage wajibcin riƙe tsohon tsarin AMPS, manyan kamfanoni suka kashe shi. Shekaru da yawa bayan haka, sikanonin da ake sayarwa a Amurka sun ci gaba da fitowa da ramuka biyu a zangon megahaz 800, suna gadin hirar da babu mai yin ta a can.

Manhajar da ake iya gogewa

A daidai wannan lokaci masu magana a ɗaya ɓangaren ma suna sauya tsari. Manyan birane suka koma tsarin karɓa-karɓa, inda ƙungiyoyi da yawa ke raba 'yan mitoci kaɗan, kwamfuta tana ba kowa gurbi a duk lokacin da ya danna maɓallin magana. Hira ɗaya takan yi tsalle daga mita zuwa mita. A 1997 Uniden ta fitar da BC235XLT, sikanar hannu da ke karanta umarnin kwamfutar ta bi hirar. A 2002 ta kawo BC250D, wadda da ƙarin kati take fassara muryar dijital ta tsarin P25. Sikana ta zama kwamfuta mai eriya.

Kwamfuta kuwa tana buƙatar gyara bayan an sayar da ita. Daga tsakiyar shekarun 2000, samfura irin su BC246T da BCD396T suka zo da ma'ajiyar da ake iya gogewa a sake rubutawa ta waya daga kwamfuta. Amfanin haka ya bayyana nan da nan. A 2004 FCC ta ba da umarnin sake rabon zangon megahaz 800, saboda siginar kamfanin Nextel tana shiga rediyon jami'an tsaro. Da aka matsar da mitocin, lissafin da sikana ke yi don bin hira ya sauya. Tsofaffin da manhajarsu ke ƙone suka rikice a duk garin da aka yi sauyin. Sababbin kuwa sabunta manhaja kawai suka buƙata.

Ƙofar da kamfani ya buɗe domin gyara ita ce mai rediyo ya fara leƙawa. Idan ana iya zuba sabuwar manhaja, me zai hana a zuba ta wani samfuri? Tambayar ta fi ƙarfi a kan sikanonin da ke kama da tagwaye. BC125AT ta Amurka tana tsayawa a megahaz 512, yayin da UBC125XLT ta Turai, wadda siffarsu ɗaya da madannai iri ɗaya, take kaiwa 960. Wanda ya riƙe su biyun zai rantse manhaja ce kaɗai ta raba su.

Kamfanonin sun shirya wa wannan. Fayilolin manhajarsu a lulluɓe suke, kuma 'yar manhajar farawa da ke karɓar su takan duba ko fayil ɗin na wannan samfurin ne kafin ta yarda. Suka kuma mayar da kullen kansa haja. Sikanar BCD436HP, da ta fito a 2014, daga baya ta samu ikon fassara tsarin DMR da NXDN da ProVoice. Manhajar da ke yin aikin tana cikin rediyon kowa, amma ba ta motsi sai an sayi lambar buɗewa da aka ɗaure da lambar jikin wannan rediyo kaɗai. Wani ɓangare na kuɗin yana da dalili, domin dabarun fassara muryar dijital mallakar wasu kamfanoni ne da ake biya. Amma ga wanda ya tuna zamanin PRO-43, dayod ɗin ne ya dawo, wannan karon da rasit.

Kasuwar ma ta tsuke. GRE ta daina ƙera sikana a 2012, kamfanin Whistler ya sayi zane-zanenta, RadioShack ta durƙushe a 2015. Kamfanoni kaɗan suka rage, kuma manhajarsu ta kasance a rufe.

Ta ƙofar baya

Sauyin ya zo daga inda ba a sa ido ba, wato oba-oba masu araha da ake ƙerawa a China. A watan Janairu 2016, a taron masana tsaron kwamfuta na ShmooCon a Washinton, Travis Goodspeed ya bayyana yadda shi da abokan aikinsa suka fasa kullen Tytera MD380, oba-oba ta tsarin DMR. Sun gano wani kuskure a manhajar farawa da ya ba su damar karanto ta ta kafar USB, daga nan suka warware lulluɓin babbar manhajar. Ɗaya daga cikin gyaran farko da suka yi shi ne cire sharaɗin da ke sa rediyon ya yi watsi da duk hirar da ba ta ƙungiyarsa ba. Da wannan 'yar faci, oba-oba ta zama sikanar DMR.

A 2019 Roger Clark, mai rediyon sha'awa a Ostireliya, tare da wasu, suka wuce faci, suka rubuta sabuwar manhaja cikakkiya ga Radioddity GD-77, suka kira ta OpenGD77. Sashe ɗaya ne ba su iya rabawa ba, wato mai fassara murya, domin mallakar kamfanin DVSI ne. Mai son manhajar sai ya kawo fayil ɗin kamfani na asali, a ciro wannan sashe daga ciki a haɗa.

Wanda ya kai abin ga talaka shi ne Quansheng UV-K5, oba-oba da ake samu a kan dala 20 zuwa 30. A cikinta akwai guntun rediyo BK4819, wanda ke iya kama mitoci fiye da waɗanda kamfani ya buɗe, da ƙwaƙwalwa DP32G030 mai ma'ajiyar kilobayit 64, wadda kusan 60 ne kawai manhaja ke samu. Cikin 2023 masu sha'awa suka warware lulluɓin fayil ɗinta, suka fara yi mata faci. Sai wani da ke amfani da sunan DualTachyon ya sake rubuta manhajar gaba ɗaya a harshen C ya sake ta ga kowa. Wasu suka ɗora a kai: fagci ya kawo allon da ke zana ƙarfin sigina a faɗin zango, egzumer ya tattara gyare-gyaren wuri ɗaya. Rediyon ya koma yana sauraro daga kusan megahaz 18 zuwa 1300, ban da wani gibi a tsakiya da guntun kansa ba ya kamawa, ya kuma fi jin muryar matuƙan jiragen sama da kyau. Ana zuba manhajar daga shafin intanet da wayar da ake soka wa a kafar lasifika. Saboda ƙarancin ma'ajiya, kowane mai rubutu sai ya zaɓi abin da zai jefar kafin ya ƙara wani, shi ya sa manhajojin suka yi rassa da yawa.

Dokar 1994 an rubuta ta ne domin 'yan kamfanoni da ke neman izinin hukuma kafin su sayar da kaya. Ba ta hango ɗaruruwan mutane a ƙasashe dabam-dabam suna rubuta manhaja kyauta da dare ba.

Abin da manhaja ba ta iyawa

Manhaja tana gaya wa rediyo inda zai je, ba ta ƙara masa gaɓar da ba a ƙera shi da ita ba. A bakin kowane rediyo akwai rariyar lantarki da ke barin zangon da aka nufa ya wuce ta tare saura. Idan aka tura shi wajen wannan zango, allo zai nuna lambar mitar, amma kunnen ya yi nauyi, ko kuma tashar FM mai ƙarfi da ke kusa ta cika shi da hayaniya. Tagwayen samfura ma sukan bambanta a wannan wuri: wani yana da rariyar zangon sama, ɗayan an bar gurbinta fanko.

Akwai kuma alƙaluman daidaito da masana'anta ke rubuta wa kowane rediyo shi kaɗai bayan an gwada shi. Wanda ya goge su ba tare da ya ajiye kwafi ba, rediyonsa zai riƙa karanta batir ba daidai ba ko ya kauce wa mita. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar zubawa, ko aka zuba manhajar wata ƙwaƙwalwa, rediyon yakan ƙi tashi, abin da masu harkar ke kira zama tubali. Ita kanta Quansheng ta sauya ƙwaƙwalwa a wasu sababbin samfuran UV-K5 ba tare da siffar waje ta sauya ba, kuma manhajar tsohon ba ta dace da sabon ba.

Haɗari mafi girma ba na mai rediyon ba ne. Sikanar asali ba ta aika sigina, amma oba-oba tana aikawa. An ƙera UV-K5 ta yi magana a megahaz 136 zuwa 174 da 400 zuwa 470. Manhajar da ta buɗe mata aikawa a wajen nan tana sa ta fitar da siginoni marasa tsabta a mitocin da mai ita bai nufa ba, kuma zangon jiragen sama, megahaz 108 zuwa 137, maƙwabcinta ne na kusa. A watan Satumba 2018 FCC ta yi gargaɗi a kan shigo da oba-oba da ke aikawa a mitocin da ba a ba su izini ba. A kan sauraro ma ƙasashe sun bambanta. Dokar Birtaniya ta 2006 ta haramta sauraron saƙon da ba a yi domin jama'a ba, ko da mai sauraron bai gaya wa kowa ba.

Kulle a baki

Abu na ƙarshe da manhaja ba ta iyawa shi ne buɗe muryar da aka kulle da mabuɗin sirri. Tsarin P25 yana ba da damar lulluɓe magana da AES mai tsawon bit 256, kuma babu facin da ke warware shi. 'Yan sandan Birtaniya sun gama komawa rufaffen tsarin Airwave a 2005. Shikago ta fara rufe nata a 2022, ta bar wa jama'a sauraro ta intanet bayan jinkirin minti 30. New York ta fara da wasu unguwannin Brooklyn a 2023.

Hukumomin suna da hujja. Sunayen waɗanda aka ci zarafinsu da adireshinsu suna wucewa ta rediyo. A watan Afrilu 2013, lokacin farautar waɗanda suka kai harin bam a gasar gudu ta Boston, dubun dubatar mutane sun saurari 'yan sanda kai tsaye ta intanet, jita-jita ta bazu da sunan an ji ta a sikana, aka kuma ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba laifi. 'Yan jarida su ma suna da tasu hujjar. Tun zamanin Weegee, rediyon 'yan sanda shi ne hanyar da ɗan jarida ke sanin an yi harbi ko gobara kafin sanarwar hukuma, kuma shi ne shaidar da ake gwada sanarwar da ita. Idan aka rufe shi, labarin farko da na ƙarshe duk daga bakin hukuma za su fito.

A 1986 an zaɓi a toshe kunnen jama'a a bar magana tsirara, sai sirrin masu waya ya tafi a banza har shekara ashirin, masu sikana kuma suka rasa ikon buɗe abin da suka saya. Yanzu lamarin ya juye. Ana iya sayen rediyon dala 25, a zuba masa manhajar da wani ɗalibi ya rubuta a wata nahiya, ya riƙa lalube daga zangon masunta zuwa na jiragen sama. Mai shi zai ji matuƙin jirgi yana neman izinin sauka, zai ji masu rediyon sha'awa da masu gadin kasuwa. Idan ya kai mitar 'yan sandan birnin da suka rufe tsarinsu, allon zai nuna masa sigina mai ƙarfi, lasifikar kuma ta ba shi ƙara. Muhawarar ko ya kamata ya ji abin da ke cikin ƙarar ta bar teburin masu dalma, ta koma zauren majalisun birane da jihohi, inda har yanzu ake jayayya a kan ko za a ba 'yan jarida mabuɗi, da kuma wa zai yanke hukuncin wane ne ɗan jarida.